Yaron da ya fi kowa maki a darasin tarbiyya, shi na kama da satar amsa

"Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce, shekarata uku ina koyarwa, aji biyar nake riƙe da shi. A zangon da ya wuce, yaron da ya fi kowa maki a darasin tarbiyya, wanda ya rubuta mini shafi guda cur a kan gaskiya da riƙon amana, shi na kama da 'yar takarda a cikin safarsa ranar jarrabawar lissafi. Da na tambaye shi, sai ya kalli tsabar idona ya rantse ba tasa ba ce. Abin ya karya mini gwiwa ƙwarai. Shin ana iya koyar da halin kirki a makaranta kuwa, ko ɓata lokaci muke yi, abin na gida ne kawai? In ana iyawa, ta ina zan fara?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Na daɗe ina riƙe da alli kafin na koma horar da malamai, kuma babu malamin da ya ɗauki aikin nan da gaske da bai taɓa ganin irin wannan rana ba. In na fahimce ki, satar amsar ba ita ta fi ci miki rai ba. Rantsuwar ce, da kuma bakin da ta fito daga ciki.

Tambayoyi biyu kika haɗa wuri guda. Ta farko, yaya yaro zai san gaskiya har ya rubuta shafi a kanta, sannan ya kasa yin ta? Ta biyu, akwai rabon makaranta a gina halin yaro, ko iyaye ne kaɗai ke da wuƙa da nama? Amsata a taƙaice ita ce akwai rabonta, rabo babba ma, sai dai darasin tarbiyya na minti arba'in shi ne kaso mafi ƙanƙanta a ciki. Abin da ke zauna wa yaro a rai shi ne abin da yake gani gaskiya tana jawo wa mai faɗin ta a wannan ajin, da abin da ƙarya take tsirar da mai yin ta daga gare shi. Wannan darasi kullum ake ba da shi, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Sanin abu daban, aikata shi daban

Kusan shekara ɗari ke nan da wasu masana biyu a Amurka, Hugh Hartshorne da Mark May, suka auna wannan tambaya taki a kan yara sama da 10,000. Sakamakon farko ya fito a 1928. Ɗaya daga cikin dabarunsu ita ce a ba yara jarrabawa, a karɓi takardun, a kwafe amsoshin a ɓoye, sannan a mayar wa kowa tasa tare da amsoshin daidai, a ce ya yi wa kansa maki. Duk wanda ya goge ya gyara, kwafin zai tona shi. Sun kuma gwada su a filin wasa, da aikin gida, da akwatin tsabar kuɗi da yaro zai ɗauka ba wanda ya ƙirga.

Abin da suka samu ya girgiza malaman zamanin. Yaron da ya yi maguɗi a lissafi ba lalle ya yi a wasa ba, wanda ya ƙi taɓa kuɗi kuma yana iya gyara amsa. Makin da yaro ya samu a gwajin sanin daidai da kuskure bai nuna sosai ko zai yi maguɗi ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne na uku: maguɗi yana tafiya ne aji-aji. Yaro ya fi kama da abokansa na aji, kuma inda ake da fahimtar juna tsakanin malami da ɗalibai, maguɗin ya fi ƙaranci. Daga baya an sake nazarin alƙalumansu aka ga lalle akwai yaran da suka fi wasu tsayawa a kan gaskiya a ko'ina, don haka ba a ce babu hali ba. Amma an tabbatar cewa halin yaro bai riga ya zama zanen dutse ba, wurin da aka ajiye shi yana da ta cewa.

Saboda haka ɗalibinki ba munafuki ba ne, kuma shafin da ya rubuta ba yaudara ba ce. Ya san amsar tambayar da kika yi masa a takarda, ya ba ki. Ranar lissafi wata tambaya ce daban aka yi masa, wadda ba a rubuta a allo ba: tsakanin faɗuwa a gaban kowa da ɓoye takarda a safa, wanne ya fi sauƙi? Wannan kuwa bai taɓa samun horo a kanta ba. Tun fiye da shekara 2,300 Aristotal, masanin falsafa na Girka, ya ce ana zama magini ne da yin gini, ana zama adali da aikata adalci. Ba wanda zai karanta wa yaro littafin iyo sannan ya jefa shi kogi, amma haka muke yi da gaskiya.

Akwai kuma batun shekaru, wanda ya kamata ki riƙe. Jean Piaget, masanin tunanin yara, a aikinsa na 1932, ya riƙa ba yara labarai biyu. Wani yaro ya tura ƙofa bai san akwai faranti a bayanta ba, ya fasa kofi goma sha biyar. Wani kuma ya hau kujera yana neman ɗauko abu a ɓoye bayan mahaifiyarsa ta fita, ya fasa kofi ɗaya. Wa ya fi laifi? Ƙananan yara sukan ce mai goma sha biyar, domin ɓarnar suke kallo. Sai sun ɗan tasa suke fara duba niyya. Lawrence Kohlberg ya ɗora a kan haka a 1958, inda ya yi hira da yara maza 72 masu shekara 10 da 13 da 16, ya tsara matakai: da farko yaro yana barin laifi don tsoron horo ko kwaɗayin lada, daga nan don kada ya zube a idon mutanen da yake ganin girmansu, can gaba don ya gane abin da ke riƙe zaman jama'a. An soki tsarinsa, kuma da hujja. Carol Gilligan ta nuna a 1982 cewa ya fifita lissafin adalci a kan tausayi da kula da dangantaka, kuma maza kaɗai ya fara aunawa. Duk da haka abu ɗaya a ciki yana da amfani gare ki. Ɗan aji biyar yana daidai gaɓar da sunansa a wurin manya ya fi komai muhimmanci a gare shi. Yaron da aka sani da "yaron kirki mai ƙoƙari" yana da abin da zai yi asara fiye da kowa a ajin. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Me ya sa ya rantse

A shekarata ta biyu da fara koyarwa, an fasa gilashin tagar ajina da ƙwallo lokacin tara. Na shigo rai a ɓace, na ce wanda ya yi ya miƙe. Aka yi tsit. Can sai wani ɗan siririn yaro da ke zama a layi na uku ya miƙe, hannunsa na rawa a kan benci, ya ce, "Malam, ni na buga ta." Su biyar ne suke wasan a wurin da aka hana, kuma na sani. Na yi masa bulala shida a gaban aji, huɗun da suka yi shiru ko kallonsu ban yi ba. Na fita ina ganin na yi maganin abin. Har ƙarshen shekarar nan babu yaron da ya sake amsa wani laifi a ajina. Alli ya ɓace, an yaga rajista, an zubar da tawada, kullum amsa ɗaya: "Ba mu gani ba, Malam." Yara arba'in da wani abu sun kalli abin da ya faru da mai gaskiya da abin da ya faru da masu shiru, sun yi lissafinsu, kuma lissafin daidai ne. Ni na koya musu. Har yau in na tuna hannun yaron nan a kan benci sai na ji nauyi a ƙirjina.

Ibnu Khaldun ya rubuta wannan tun 1377 a Muƙaddimarsa, a babin da ya yi kan cewa tsanantawa tana cutar da masu neman ilimi. Ya ce wanda aka rena da ƙarfi da tursasawa, ransa yakan ƙuntata, kuzarinsa ya tafi, abin ya kai shi ga ƙarya da nuna saɓanin abin da ke zuciyarsa don tsoron hannun da zai sauka a kansa, har makirci ya zame masa ɗabi'a. Bayan sama da shekara 600, Victoria Talwar da Kang Lee suka gwada maganar, a binciken da suka buga a 2011. Makarantu biyu ne a wata ƙasa ta Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka a kan ƙaramin laifi, ɗaya kuma tsawatarwa ake yi ko a ware yaro na ɗan lokaci. Yaran 'yan shekara uku da huɗu ne. Aka ajiye abin wasa a bayan yaro, aka ce kada ya waiga, babban ya fita na minti ɗaya. Yawancin yaran, a makarantun biyu, sun waiga. Bambancin ya fito ne da aka dawo aka tambaye su. A makarantar da ba a duka, fiye da rabi kaɗan suka musa. A makarantar duka kuwa, kusan dukansu suka yi ƙarya. Kuma da aka bi su da tambayar me suke zaton abin wasan, 'yan makarantar duka sun fi iya rufe ƙaryarsu kada ta tonu. Dukan bai rage leƙen ba. Gwanintar ɓoyewa ya ƙara musu, tun suna shekara uku.

Ban san ki da duka ba, kuma ba sai da bulala tsoro ke shiga aji ba. Kunyatarwa a gaban jama'a ta fi bulala zafi ga ɗan shekara goma sha ɗaya. Ki tuna lokacin da kika tambaye shi. In a tsakiyar ɗakin jarrabawa ne, idanu arba'in a kansa, takardar a hannunki, to ƙofa ɗaya kika bar masa. Amsa laifi a wurin yana nufin rushewar duk abin da aka san shi da shi cikin daƙiƙa ɗaya. Manya da yawa ma ba za su iya ba. Rantsuwar laifi ce, kuma sai an nuna masa girmanta, amma daga firgici ta fito.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da shawara a littafinsa Ihya'u da nake ganin kowane malami ya kamata ya haddace. In yaro ya yi kuskure karo na farko, musamman in yana ƙoƙarin ɓoyewa, kada a yaye masa sutura, domin tona shi yana iya sa ya daina jin kunyar abin gaba ɗaya. In ya sake, a yi masa faɗa a asirce. Kuma kada a yawaita faɗan, don kada kunnensa ya saba, magana ta daina yi masa nauyi. Hikimar a nan ita ce kunyar da ta sa yaron ya ɓoye ita ce jarin da za ki yi aiki da shi. Ranar da ta ƙare, babu sauran abin kamawa.

Me ya sa ya saci amsar tun farko

Nan ne ya kamata mu malamai mu duba kanmu, ko da ba daɗi. A 2017 an buga wani gwaji da aka yi da yara 300 'yan shekara uku da biyar a ƙasar Sin. Ana wasan canke da kati, sai a ce wa wasu "kai mai basira ne", wasu a ce "ka yi kyau a wannan karon", wasu ba a ce musu komai ba. Da aka bar su su kaɗai da katin a kife, waɗanda aka yaba wa basira sun fi sauran leƙawa. An ɗora musu suna, suna kuma neman kare shi. Yanzu ki dawo kan ɗalibinki. Sau nawa aka kira shi gaban aji aka ce a yi koyi da shi? Sau nawa aka ce a gida "ai shi ba ya wuce na ɗaya ko na biyu"? In lissafi ya fara yi masa wuya, wa zai je ya gaya wa? Yaron da ba a tsammanin komai daga gare shi yana iya cewa "ban gane ba" hankali kwance. Gwarzon aji ba shi da wannan 'yancin.

Philip Jackson, a 1968, ya ba wannan abu suna: ɓoyayyar manhaja, wato duk abin da makaranta ke koyarwa ba tare da ta rubuta shi a jadawali ba. Wa ake tafa wa a taron safe? Mai maki, ko wanda ya tsinci abu ya mayar? In malami ya makara, me yake rubutawa a littafin sa hannu, kuma yara nawa ne suka ga ƙarfe nawa ya shigo? Na taɓa aiki a wata makaranta inda aka samu labarin masu duba makarantu za su zo. Kwana biyu aka ajiye karatu, aka sa yara suna cike littattafansu da aikin da ba a yi ba, ana sa musu kwanan watan baya. Aka zaɓi waɗanda za su ɗaga hannu, aka ba su tambayoyin da amsoshin. A bangon ajin da aka yi wannan, da manyan baƙaƙe, an rubuta cewa gaskiya dokin ƙarfe ce. Baƙi suka zo suka yaba, suka tafi. Mako uku bayan haka aka kori wani yaro daga ɗakin jarrabawa don ya rubuta amsa a tafin hannunsa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa yana tattara kayansa, na rasa da wane baki zan yi masa nasiha. Abin da manya suka yi da littattafai shi ya yi da tafin hannu.

Gani ya kori ji, kuma an gwada hakan ma. A 1970 James Bryan da Nancy Walbek sun sa yara kallon wani yana wa'azin kyauta amma yana riƙe abinsa, wani kuma yana bayarwa. Abin da hannunsa ya yi, shi ya fi tasiri a kan ko yaran za su bayar, ba abin da bakinsa ya faɗa ba. Wa'azin ya fi shafar abin da su ma za su faɗa. Wato wa'azi ba tare da aiki ba yana haifar da masu iya wa'azi, irin masu rubuta shafi guda cur.

Ta inda za ki fara

Ki fara da yaron, ke da shi kaɗai, a wurin da ba a jin ku amma ana ganin ku. Kada ki sake tambayarsa ko takardar tasa ce. Kin riga kin sani, tambayar tarko ce da za ta jawo rantsuwa ta biyu. Ki ce masa, "Na san taka ce, ba wannan na kira ka mu yi magana a kai ba. Ina so in san me ya tsorata ka har ka kai ga haka." Sai ki yi shiru ki jira, ko da shirun ya yi tsawo. Abin da yakan biyo baya, a mafi yawan lokutan da na yi wannan, hawaye ne da wani batu da ban zata ba: raba lamba mai tsawo da bai taɓa ganewa ba tun aji huɗu, ko wani a gida da ba ya karɓar komai sai na ɗaya.

Kada ki yafe hukuncin. Makin wannan jarrabawa ya tafi, kuma ya san dalili. Amma hukuncin ya tsaya a kan laifin, kada ya zama tambari a goshinsa. Ki bayyana masa wanda ya cuta, da suna: yarinyar da ke bayansa wadda ta kwana tana bita, da ta zo ƙasa da shi ba bisa haƙƙi ba, ke da kika yarda da shi, shi kansa, da zai shiga aji shida da ramin da ba wanda ya san da shi balle ya cike. Martin Hoffman ya shafe shekaru yana nazarin hanyoyin horon yara, kuma abin da ya samu shi ne nuna wa yaro illar aikinsa a kan wani ya fi nuna ƙarfi ko janye ƙauna dasa masa abin a zuci. Tsoro yana aiki ne muddin mai tsoratarwa yana tsaye. Tausayin wanda aka cuta kuwa yana bin yaro har inda ba kowa. Daga nan ki raba masa laifin biyu, ki ce takardar kuskure ce da za a iya gyarawa da karatu, rantsuwar ita ta fi yi miki ciwo, kuma ita kike so ya gyara. Ki ba shi hanyar gyarawa, sannan ki zauna da shi a kan lissafin.

A ajin gaba ɗaya, ki kafa doka ɗaya ki tsare ta kamar ranki: wanda ya faɗi laifinsa da kansa, hukuncinsa ya fi na wanda aka kama sauƙi, kullum, ba tare da togiya ba. Yara za su gwada ki da ƙaramin abu su gani. Ranar da na farko ya zo ya ce shi ya karya rula, abin da fuskarki ta yi a daƙiƙa biyun farko shi ne darasin tarbiyyar zangon. Ki ce masa kin ji daɗin da ya faɗa, sannan a yi maganar rular.

Labaran da muke ba su ma suna bukatar dubawa. Kang Lee da abokan aikinsa sun gwada wannan a Kanada a 2014 da yara 'yan shekara uku zuwa bakwai. Labarin yaron da ya riƙa ihun ƙarya cewa kyarkeci ya zo har ranar da ya zo da gaske, da na yaron da aka sassaƙa da itace wanda hancinsa ke tsawo in ya yi ƙarya, ba su ƙara wa yara faɗin gaskiya ba. Wanda ya yi aiki shi ne labarin da ake jingina wa George Washington, shugaban Amurka na farko, cewa yana yaro ya sare bishiyar mahaifinsa, ya amsa, uban ya yi farin ciki da gaskiyarsa. Da aka sauya ƙarshen labarin ya koma kan azabar maƙaryaci, amfanin ya ɓace. Yara sun riga sun san ramin ƙarya ƙurarre ne, mun faɗa musu sau dubu. Abin da ba su tabbatar ba shi ne ko mai gaskiya zai tsira.

Sai ki ba su wurin yin aikin da hannunsu. Ni nakan sa su yi wa kansu maki a ƙananan gwaje-gwajen mako, waɗanda ba sa shiga katin sakamako, in ce musu abin da nake nema shi ne in san inda ban koyar da kyau ba. Makonnin farko kowa goma bisa goma. Ba na cewa komai, sai in kira mai goma ya yi ɗaya a allo, in kuma zauna kusa da wanda ya rubuta huɗu in taimake shi da fara'a. Kafin rabin zango makin yakan sauko ya koma gaskiya, don sun ga mai huɗu shi ke samun malami. Ki ba su amanar kayan aji bi da bi, har da waɗanda ake zargi, ba 'yan gaban goshi kaɗai ba. Ki bar su su sa hannu a tsara dokokin aji, domin dokar da yaro ya yi gardama a kanta kafin a kafa ta ya fi jin tasa ce. Kuma ki rage kyautar abin hannu a kan aikin kirki. Felix Warneken da Michael Tomasello sun nuna a 2008 cewa yara 'yan wata ashirin da aka riƙa ba lada don sun taimaka, sun rage taimakon da aka daina bayarwa, alhali waɗanda ba a ba komai ba sun ci gaba. Godiya ta gaskiya ta isa.

Darasin tarbiyyar kansa kada ki yar da shi, ki sauya masa fasali. Maimakon "kawo siffofin mai gaskiya guda biyar", ki kawo musu matsala irin tasu: amininka ya ce ka buɗe masa takardarka, in ka ƙi zai faɗi a maimaita masa aji, me za ka yi? Ki bar su su yi musu, ke kina tambayar dalili, kina jefa musu abin da ba su hango ba. A nan za ki ji ainihin tunaninsu, wanda jarrabawa ba ta taɓa nuna miki ba. Japan ta mayar da tarbiyya cikakken darasi a firamare a 2018, amma ba a ba shi maki da lamba, malami yana rubuta bayanin ci gaban yaro ne da kalmomi. Ina ganin sun yi daidai a wannan. Da zarar an sa wa gaskiya maki, ta zama wani abin da za a yi gasa a kai.

Iyakar abin da za ki iya

Ba zan ɓoye miki ba, babu tsarin da ke da tabbas. A 2010 gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon gwajin shirye-shiryen gina hali guda bakwai a makarantu 84, aka bi yaran daga aji uku zuwa biyar, kuma a dunƙule ba a ga wani bambancin kirki tsakaninsu da makarantun da ba a yi shirin ba. A ɗaya ɓangaren, wani nazari na 2011 da ya tattara shirye-shirye 213 na koyar da kamun kai da zama da mutane ya samu ci gaba a ɗabi'a har da karatu, musamman inda aka aiwatar da su da kyau. Abin da na ɗauka daga biyun shi ne littafi da fosta da taken mako ba sa aiki da kansu. Mutumin da ke tsaye gaban aji, da yadda makarantar ke tafiya, su ne maganar.

Gida kuma yana da nasa kason da ba za ki iya karɓe masa ba. Yaron da ake aika ya ce wa baƙo "ba ya nan" alhali ana ciki, ko wanda ake duka in ya zo na uku, yana zuwa miki da kaya a kai kowace safiya. Ki nemi iyayen ɗalibin nan, amma ki auna kafin ki faɗi komai. In kin san labarin zai jawo masa dukan kawo wuƙa, ki fara da batun lissafin da nauyin da aka ɗora masa, ki roƙe su su riƙa tambayarsa me ya koya yau kafin su tambayi na nawa ya zo. In kuma makarantarku da kanta tana taya yara amsa a jarrabawar fita, to kina iyo ne kina fuskantar igiyar ruwa, kuma ajinki kaɗai ke hannunki. Shi ma ba kaɗan ba ne, tunda binciken 1928 ɗin nan aji-aji ya samu bambancin.

Yana iya sake yi. Wasu sukan sake sau biyu ko uku kafin abin ya zauna, wasu kuma sai sun bar hannunki da shekaru. A jarrabawa mai zuwa kada ki sauya masa wurin zama, kada ki caje shi shi kaɗai a gaban yara. In za a caje, a caje kowa. Kwana biyu kafin ranar, ki kira shi gefe ki tambaye shi wane babi ne har yanzu bai zauna masa ba, ku yi shi tare. Sannan ki nemi ya yi miki alkawari da bakinsa, ba rantsuwa ba, cewa abin da ya sani kaɗai zai rubuta, ki kuma gaya masa cewa ko nawa ya samu a haka za ki karɓa.